Jagoran da Ya Ari Hancina

Shekara shida ke nan ina gaya wa mutane littafi nake rubutawa. Zuwa yau shafi tara gare ni, uku daga ciki jerin sunaye ne. Fostocin ƙasar da labarin zai faru a cikinta kuwa, na zana sun haura saba'in.

Dama sana'ata ce, zanen allon shago da fostar siyasa a Gwarzo. In kakar zaɓe ta zo aka kawo hoton ɗan takara, ni ke goge masa ƙuraje, in ɗaga masa haɓa, in sa rana ta ɓullo ta bayan hularsa. A 2023 masu tsintsiya da masu lema da masu kwandon kayan marmari duk na yi musu aiki, ban raina kuɗin kowa ba. Niyyar littafin ita ce in tona asirin sana'ar: ƙasar da ake mulka da hoto, bango na cewa an ƙoshi, a cikin gida tukunya na kife. Sai na ce bari in fara zana bangon, don in san garin da mutanen labarina za su yi yawo a ciki. A jikin bangon nan na maƙale har yau.

Ciwon ya daɗe. Idona ya buɗe a kan gida da masarar NPN da mabuɗin PRP a katangun gari. Ina firamare Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da WAI a watan Maris na 1984, aka koya wa ƙasa bin layi, sannan MAMSER ta biyo baya a 1987. Yara na haddace taken, ni ina kallon yadda aka zana haruffan. Da waya mai intanet ta zo hannuna kuma, na ci karo da fostocin Tarayyar Sobiyet da na Sin zamanin Mao, shi ke nan, kuɗin cefane ya koma data. A nan na ɗauki sirrin: ka zana mutum daga ƙasa, ya yi maka tsayin rimi. Launi uku ya isa, ja da rawaya da baƙi. Kada kowa ya kalli mai kallo, duk su zuba ido can sama, kamar an ce ga watan Sallah. Magana kuma kada ta wuce kalma huɗu, don kada mai karatu ya samu wurin tsayawa ya yi tunani.

Ku zo ku ga ƙasar tawa. Sau huɗu ina sauya mata suna, amma tana da ma'aikatar damina, da fostarta. Dawa ta fi soro tsayi. Akwai dam irin na Guzuguzu, sai dai nawa bai san rani ba. Kowane ƙauye da jirginsa, wannan kuwa laifin maƙwabtaka ne: wanda ya tashi yana jin cewa Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya ɗora sunan Kabo a jikin jirgin sama tun 1980, ba zai ƙirƙiro ƙasa ya bar ta da a-kori-kura ba. Talakan nan mai kifaffiyar tukunya, wanda dominsa na fara aikin, shi ne har yau bai samu shiga ba. Duk sanda na zauna zana shi, kafin in ankara na yi masa kumatu na miƙa masa damin gero.

Uwargida ce ta fara gano inda abin ya dosa. Ta daɗe tana duban hoton shugaban ƙasar, wanda ake kira Jagora, sannan ta ce, "Malam, wannan Jagoran naka a ina ya samo hancinka?" Na ce sharri ne. Da ta fita na duba: hancin nawa ne, wushiryar ma tawa ce. Furfura da tumbi kawai ya bar mini.

Kwanan baya na kai fostar Jagora guda ɗaya Kano aka buga mini babba, wai don in ga yadda launin zai fito. A motar dawowa, mun wuce Rimin Gado, na kasa haƙuri na warware ta a cinya. Wani dattijo a gefena ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, wace kujera ake nema?"

Amsar gaskiya tana bakina: labari ne, Baba, ƙasar ma babu ita. Abin da na ji ya fito shi ne, "Ana dai tuntuɓa, Baba."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, in an fara rabon taki a tuna da su. Da zai sauka a Kabo na biya masa kuɗin mota, shi da yaron da ke riƙe masa buhu.

Daren nan na buɗe shafi na goma da niyyar rubutu. Zuwa asuba Jagora yana tsaye a kan tulin buhunan taki, rana a bayansa.