Ranar da Amalanken Kawu Ya Sha Ruwa

A Guci amalanke shi ne motar kowa. Shi ke kwaso gero daga gona, shi ke fito da rake daga fadamun Korama, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Tun muna ƙarƙashin Magarya har aka mayar da mu Dungas a 2011, takardu ne suka canza, yashin hanya yana nan yadda yake. Jirgin ruwa ne kawai ban taɓa gani a kansa ba, sai da ɗan Kawu ya shiga sana'ar su, ya sayo kwalekwale, aka rasa mai kai shi tabki sai ni.

Kawu ya ce, "Ɗana, ƙafar hagu tana kuka, a sa mata giris." Gwangwanin giris ba komai sai gizo-gizo, sai na roƙo baƙin mai wajen mai injin niƙa na ɗura. Kuka ya tsaya. Har gobe ina nan a kan bakana, mai dai mai ne.

Kafin mu isa, man ya tsiyaye, cibiyar ƙafar ta yi zafin da ba a taɓawa. Ɗan Kawu ya ce, "Yaya, shiga da baya, jirgin ya sauka da kansa." Wa ya gaya masa sa ya san baya? Ina ta lallashi, shanun suka hango ruwa, suka afka da gaba, da ni, da jirgi, da masunci. Ƙafar ta ce "cuuu", tururi ya tashi. Muka yi ta murna wai ta huce.

Ba ta tona mana asiri ba sai ranar kasuwa, na ɗoro rake fal. Ta fara gurnani, ta koma rangaji. Can sai na ga wata taya ta wuce mu a guje ta nufi gonar mutane. Har na buɗe baki zan yi wa mai ita dariya, sai na ji ni a ƙasa, rake a kaina.

Makanike ya lakato abin da ke cikin cibiyar, fari-fari kamar kunun kanwa. Ya ce ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta bakin robar da ta riga ta cinye. Ruwa ya ɓata mai, yashi ya bi sahu, ƴaƴan boris suka yi tsatsa suka daskare, suka gwaguye bakin ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kai. Gyaran da ake yi tun farko ba wuya: a kwance, a wanke da kananzir, a bari ya bushe, a cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a ɗaure noti a ɗan sassauta, a sa ƙusar da ke tare shi. Yanzu kuwa sai mai walda, sabon boris kuma sai Alhamis in za a Maigatari.

Kawu ya saurare mu duka. Na ce laifin shanu ne, ɗansa ya ce nawa ne. Ya yanke hukunci: ni kuɗin boris, masunci kuɗin walda. Ɗan Kawu ya ce zai biya da tarwaɗa in Allah ya kawo.

Kawu ya ce, "To, ka kai wa mai walda ka ji ko yana karɓa."