Kunkurun da Aka Hana Shiga Fada

Ga ta nan, ga ta nanku.

A garin Zuciya, inda kalangun Sarki Zaki ba ya yin shiru dare da rana, akwai wani kundi a ƙuryar fada mai suna DNA. Ba ya fita ko zaure. In ana son ƙera wani abu, sai Kurciya ta kwafi shafinsa a doguwar takarda mai suna RNA, a miƙa wa Tururuwa masu almakashi. Su ne ke yanke surutun da ke tsakanin bayanai, su ɗinke sauran, sannan takarda ta fita wajen maƙera.

Duk kundin babu shafi mai yawan gaɓoɓi kamar na Titin, tsirkiyar kalangun, wanda ke juzu'i na 2. Gaɓoɓinsa sun haura 360. To, Tururuwa akwai aiki, amma babu zaɓi: abin da suka tarar shi suke ɗinkewa. Mai zaɓin shi ne Kunkuru, wanda malaman fada ke kira RBM20. Aikinsa zama ne kawai. Yakan bi takarda a hankali yana shinshina, in ya ga tambarin UCUU sai ya kwanta a wurin ya ja wuya ciki. Tururuwa in sun iso suka ga dutse a hanya, sai su tsallake gaɓoɓin da ke nan. Haka tsirkiya ke fitowa gajera, mai tauri. Lokacin da gari ke jariri an fi barin ta doguwa mai laushi, da ya girma Kunkuru ya yawaita kwanciya. Shafi ɗaya, tsirkiya iri-iri.

Kunkurun biyu ne, ɗaya gadon uwa, ɗaya gadon uba.

Ana nan, sai kalangu ya fara amo kamar an jiƙa shi. Tsirkiya ta yi sako-sako, bangon gari ya buɗe ya yi siriri, kiɗa wani sa'in ya ruga, wani sa'in ya yi tuntuɓe. Gizo, da ba a rasa shi inda ake neman mai laifi, ya faɗi gaban sarki.

"Ranka ya daɗe, Kurciya ce ta tsufa, ko kuwa shafin ne gara ta ci."

Aka buɗe shafin Titin aka karanta harafi-harafi. Lafiya lau. Aka gwada kwafin Kurciya, babu tangarɗa. Gizo ya koma kan Tururuwa, suka ce su dai ba su ga dutse a wurare da yawa ba, shi ya sa suka ɗinke komai.

Nan Ɓera ya yi gyaran murya daga bayan taro. "Allah ya ja zamanin sarki, mun san wannan ciwo. Akwai wani gida a danginmu da aka haife su babu Kunkuru, tsirkiyarsu ta yi tsawo har ta ba masana mamaki. A 2012 suka gane dalili. Tun 2009 ma likitoci a Amurka sun ga ciwon faɗaɗar zuciya yana bin wasu iyalai na 'yan Adam ta wannan hanya. A ƙirga Kunkuru."

Aka ƙirga. Ɗaya ne a fada, ya gaji tilis.

Ɗan'uwansa kuwa aka same shi a bakin ƙofa. Ashe kowane Kunkuru a waje ake ƙera shi, kuma sai Kare mai gadi, Transportin-3, ya duba hatimin bayansa kafin ya raka shi ciki. Hatimin harufa biyar ne, RSRSP, daga gurbi na 634 zuwa 638. Na wannan bawan Allah harafi ɗaya ya sauya, tun daga shafinsa da ke juzu'i na 10, inda babu wanda ya yi tunanin dubawa. Kare ya shinshina, ya kau da kai.

Abin haushi, zaman banza bai hana shi halinsa ba. Shi da ire-irensa sun dunƙule a kasuwa curi-curi, suna kwanciya kan takardun mutane da ba ruwansu. Wannan ɓarna ta biyu, a ganina, ita ta sa rashin hatimi ya fi rashin Kunkurun muni.

Gizo ya ga kasuwa ta buɗe. Da dare ya sassaƙa wani hatimi na daban, irin wanda wani mai gadi ke karɓa a wata ƙofa, ya manna wa Kunkuru a wutsiya. Kunkuru ya shige. Yana isa ya bi takarda, ya sami UCUU, ya kwanta kamar bai taɓa fashi ba. Tsirkiyar ɗakin da ya shiga ta fito gajera.

Da safe Gizo ya zo da buhu karɓar lada.

Zaki ya dube shi. "Ɗaki nawa ka gyara?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ɗakunan garin nan sun fi gashin wuyana yawa, kowanne da ƙofarsa da Karensa. Ajiye buhun, ka je ka gama."

Ƙurunƙus.