Yadda Na Nemi Gyara a Gidan Gas

Masana halayen ɗan Adam sun daɗe suna gargaɗi game da matashin da ba shi da aikin yi, amma ban taɓa jin wanda ya yi wa jama'a kashedi game da dattijon da ya ajiye aiki ba, alhali kuwa shi ne abin tsoro, domin ga lokaci, ga ra'ayi, ga kuma furfurar da ta hana kowa ya ce masa kul. Ina ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah. Na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu a makarantun ƙasar Dutse, tun tana ƙarƙashin Kano, har aka yanke Jigawa a 1991 aka mai da garinmu babban birni, har kuma ranar da aka miƙo mini takardar sallama, na koma gida da tsohuwar Fijo 504 mai dogon baya, da tarin littattafai, da yaƙinin cewa babu mas'alar da za ta gagare ni muddin an bar ni na yi mata ƙiyasi.

Cikin wani azumi da ya faɗo a bazara, ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya nuna mini a wayarsa wasu motoci na mutanen Amurka waɗanda aka ƙera su gida sukutum, ga gado, ga madafa, ga tukunyar gas a tsaye cikin wani akwati na musamman mai huda daga ƙasa, mutum ya kwashi iyalinsa ya nausa daji, inda yunwa ta riske shi nan zai ɗora sanwa. Hudar nan na jefa ta cikin babin almubazzarancin Turawa, sauran kuwa na duba, na waiwayi Fijo, na ga babu abin da ya raba su sai niyya. Nan take na yi shelar cewa bayan Salla za mu tafi Birnin Kudu mu ga zanen shanun da mutanen dauri suka bari a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, mu kuma dafa shinkafa da kaji a gindin dutse.

Uwargida ta ce, "Malam, a dafa a gida mana, a zuba a kula."

Na ce mata wanda ya tafi da dafaffen abinci ziyara ya je, mu kuwa tafiyar ilimi za mu yi. Ta ce, "To, Allah ya kai mu," da irin muryar da na sani tun muna da baƙin gashi, ta koma ɗaki.

Tukunyar gas ta shigo gidana a makare, bayan itace ya yi tsada, gawayi ya bi sahunsa, kananzir kuwa ya zama labari, kuma tun shigowarta take ƙarƙashin mulkin uwargida, ita ke aikawa a cika, ita ke ɗaura mata kai da tiyo, ni rabona a sha'anin biyan kuɗi ne da ƙorafi. Amma na ga bai dace a bar babban rukunin wannan tafiya a hannun yara ba, saboda haka na ɗauke ta da kaina zuwa wani gidan gas da ke bakin hanyar Kiyawa.

Wani yaro da bai wuce sa'an ɗalibaina na ƙarshe ba ya tare ni tun daga ƙofa, ya ce in kashe mota, in ajiye waya. Na yi haƙuri. Ya ɗora tukunyar a sikeli, ya duƙa ya karanta wasu lambobi da aka buga a wuyanta, waɗanda ban taɓa sanin da su ba, ya ce ɗaya nauyinta ne in babu kome a ciki, ɗaya kuwa shekarar da aka ƙera ta. Ya maƙala tiyo, sikeli ya yi ta hawa, da ya ƙaru da kilo 12 da rabi sai ya rufe. Na kama ta na girgiza, sai na ji ruwa yana kai da komo a ciki, alamar akwai fili, kuma ba ƙarami ba.

Na gyara tsayuwa na ce, "Yaro, ka san hukuncin mai tauye mudu? Sura guda aka saukar a kansa."

Ya ce, "Baba, abin da ka biya ke nan, ga shi a sikeli."

Na ce, "Na ji na sikeli. Ina gyara? A kasuwar Shuwarin ko gero ka auna sai mudu ya yi tozo, a kuma ƙara maka da hannu."

Yaron ya rusuna ya yi mini bayani da ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ce abin da ke ciki iska ce aka matse ta har ta zama ruwa, ruwan nan kuwa yana kumbura in ya ji zafi fiye da yadda ruwan sha ke yi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar fanko, don in rana ta buga ya sami wurin miƙewa. In aka cika ta maƙil, sai ya nemi hanya ta bawul, in bai samu ba ya nema ta jikin ƙarfen, kuma lita 1 ta ruwan in ta fita takan zama iska wajen lita 250. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Baba, ai ku kuka koya mana cewa ko ciki ba a cika shi da tuwo, sai an bar sulusi na numfashi."

Da na ga ya shigo gonata sai na ce masa wannan ƙiyasi ne ma'al fariƙi, domin tukunya ba ta da huhu. Ya ce, "Haka ne, Baba. A dai tsai da ita a tsaye, a buɗe gilashi." Ya kuma ambata cewa shekarunta sun kusa 15, wa'adin da hukumar kula da ingancin kaya ta ɗibar wa irinsu, amma lokacin na riga na tashi mota.

Allah bai hana ni mai fahimta ba. A wani lungu na sami wani ɗan shago inda mai shi ke juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙanana da ɗan famfo na hannu, sikelinsa na rataye a ƙusa ya yi tsatsa don rashin aiki. Na faɗa masa zaluncin da aka yi mini, ya girgiza kai ya ce yaran zamani ba su san girman manya ba, ya yi ta bugawa har sai da na girgiza ta na ji shiru. Na sa masa albarka mai tsawo.

Ranar tafiya, da yake tukunyar ta ƙi zama a tsaye tsakanin buhun shinkafa da kwandon kaji, sai na kwantar da ita, na lulluɓe ta da tabarma, na danne da ƙullin kayan miya. Shirin mata ya ja mu har rana ta take, a lokacin da zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, aka kuma ɗage gilasai duka don kada ƙura ta ɓata ɗinkin Salla. Muka kama hanyar Kwanar Huguma, jikoki na waƙa, ni ina ba da tarihin duwatsu ba wanda ya tambaye ni.

Can sai uwargida ta ce, "Malam, ina jin warin gas."

Na ce daddawa ce. Ta ce ta san daddawarta. A nan ne na fito da hujjar da nake ji da ita, na sanar da su cewa na karanta a littafi, gas a asalin halittarsa ba shi da launi ba shi da wari, saboda haka duk abin da hanci ya riska, a bisa ƙa'idar manɗiƙi, ba gas ba ne. Na dubi madubi in ga yadda hujjar ta sauka.

Ɗan ƙanena ya ce, "Baffa, gaskiya ne, amma da gangan ake zuba masa warin, don a gane in yana tsiyaya. Tun da wata makaranta ta fashe a garin New London na Jihar Teksas a 1937, mutane kusan 300 suka mutu ba wanda ya ji kome, aka fara wajabta haka."

Ina cikin neman raunin isnadinsa sai muka ji wani tsaki mai tsawo daga ƙarƙashin tabarma, tsakin da ba ya yankewa, har kajin ma suka yi tsit.

Game da abin da ya biyo baya akwai saɓanin ruwaya. Uwargida ta ruwaito cewa motar ba ta gama tsayawa ba ta hangi babbar rigata tana kaɗawa a tsakiyar wata gona, takalmi ɗaya a titi, hula a kan ƙaya, ɗan ƙanena ya ƙarfafa ruwayarta, jikoki suka yaɗa ta har ta zama mutawatira a unguwa. Abin da ni nake cewa shi ne, malaman usulu sun jera abubuwa biyar da shari'a ta zo don kare su, watau addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya, kuma duk mai adalci zai ga rai ya gabaci zuriya a jerin, mota da tukunya kuwa su ne na ƙarshe. Tsari na bi. Na sami wani rami a gefen gonar na kwanta rub da ciki ina hailala, uwargida kuwa ta fito da yaran ɗaya bayan ɗaya, ta bar ƙofofi a buɗe, ta kai su can nesa wajen da iska ke fitowa.

A da, da mota ta tsaya sai a yanyame ta, amma tun musibar Majiya ta watan Oktoba 2024, inda tankar mai ta kama da wuta mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, mutanen ƙasar nan sun koyi ja da baya. Da aka ji kalmar gas kowa ya yi ta kansa, sai wani tsoho mai nauyin ji, wanda ya jingine kekensa ya nufo motar don ya jajanta mana, sigari na ci a bakinsa. Na ɗago kai daga rami na ƙwala, "Kashe! Kashe ta!" Ya ɗaga mini hannu biyu ya ce, "Lafiya lau, Malam, barkanmu da shan ruwa!" Ya ci gaba da tafiya a natse. Wani mai faci da ke da rumfa a bakin titi ne ya sheƙo ya tare shi, ya zare sigarin ya binne a ƙasa, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Baba, fito daga ramin nan. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, a irin wurin nan yake taruwa."

Na fito da natsuwa, na kakkaɓe ƙarangiya, na nuna kamar duba ƙasar gonar na je yi.

Mai facin ya hana a taɓa makulli, ya buɗe ƙofar baya, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya rungumo tukunyar ya tsai da ita a inuwar wata bishiya can cikin fili. Na matso na ga abin mamaki: bakin bawul ya yi fari fat da ƙanƙara a tsakiyar wannan rana. Na miƙa yatsa, ya buge hannuna, ya ce sanyin nan ƙuna yake, domin a kwance ruwan ne ke fita, shi ke tafasa nan take yana daskarar da duk abin da ya taɓa. Ya yi ta kwara mata ruwa daga bahon da yake gwada tayu har tsakin ya lafa, sa'an nan ya kaɗa ruwan omo ya shafa a wuyanta, muka tsaya muna kallon kumfa na tasowa a hankali daga gefen wata roba da ta tsage. Ya ɗan jijjiga ta, ya ɗago ya ce, "Wane marar hankali ne ya sa aka cika ta haka?"

Na ce, "Wani mutum ne a Dutse." Kuma ban yi ƙarya ba.

Kafin motar ta sha iska har mai facin ya yarda a tashe ta, la'asar ta yi, zanen shanu kuwa ya sami ƙarin jinkiri a kan ɗaruruwan shekarun da ya yi yana jira. Yara suka fara kukan yunwa, na fara shirya huɗuba a kan falalar haƙuri, sai uwargida ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo babbar kula cike da shinkafa da miya, har da nama, ta zuba wa mai faci, ta zuba wa tsohon, ta ajiye mini nawa ba ta ce uffan ba. Na ci, domin wulaƙanta abinci makaruhi ne.

Tukunyar ta koma Dutse a tsaye, ɗaure da igiya, gilasai a buɗe, ɗinkin Salla ya sha ƙura ba mai magana. Yaron hanyar Kiyawa ya gaishe ni da girmamawa, ya ɗora ta a sikeli, ya dubi lamba, ya dube ni, ya ce sai dai a sayi sabuwa, fansho na watan ya tafi a nan. A gida kuwa an zartar da hukunci ba tare da sauraron ɗaukaka ƙara ba, cewa aiken gas ya koma hannun babbar jikata.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in za ka cika tukunya ka je inda ake aunawa, ka duba shekarar da ke wuyanta, ka karɓi abin da sikeli ya ba ka. In za ka ɗauke ta a mota ka tsai da ita a tsaye ka ɗaure, ka buɗe gilashi, kada ka bar ta a rufe cikin rana. In kana shakkar tsiyaya ka gwada da ruwan omo, ban da ashana. Ranar da kuwa wani a gidanka ya ce yana jin wari, ka kashe wuta ka buɗe ƙofa tukuna, bahasi ya biyo baya.