Tagar Bayan Murhu da Rayuwarta a Illela

Tagar bayan murhu wani salon gini ne da ake huda bangon kicin daidai bayan inda ake ɗora tukunya ko inda ake wanke-wanke, a saka faffaɗan gilashi a gurbin tayil ɗin da aka saba liƙawa don ya tare fantsamar mai da miya. Gilashin yakan tashi daga kan kanta ya tsaya a ƙarƙashin kabad ɗin sama, a kwance yake, faɗinsa ya fi tsayinsa. A wurin masu zanen gidaje aikinsa uku ne: ya shigo da haske, ya yi sauƙin gogewa, ya kuma bai wa mai girki damar kallon lambu tana juya miya. A Illela, garin kan iyaka da ke arewacin Jihar Sakkwato, tagar ta sami ƙarin ayyuka da babu su a zane, uku na asalin kuwa har yanzu ana jiran su fara.

Asali da shigowa

Salon baƙo ne, ya fi dacewa da ƙasashen da rana ke yi wa mutane rowa, inda hadari kan rufe sama mako guda, mai gida ya riƙa neman haske ko ta wace kafa. Mutumin Illela bai taɓa shigar da ƙarar ƙarancin rana ba. Kakanninsa sun gina ɗaki da katanga mai kauri da 'yar taga can sama, wadda kan yaro ma ba ya shiga, saboda dalilai uku da suka sani sarai: zafi, ƙura da idon mutane. Madafi kuwa a tsakar gida yake, ƙarƙashin rumfa, da duwatsun murhu uku da bangon laka wanda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Ba a taɓa jin wadda aka yi wa faɗa don ba ta goge wannan bango ba. In ya gaji a yi masa sabon yaɓe, magana ta ƙare.

Illela ta saba da baƙin kaya. Tazarar 'yan kilomita ce tsakaninta da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarta ta ranar Lahadi tana tara shanu da raƙuma da tumaki da hatsi, ga albasar Galmi, ga naira da sefa suna canza hannu. Duk waɗannan sai sun bi ta gaban jami'an kwastan, ko kuma sun san hanyar da ba ta bi ta gabansu ba. Tagar bayan murhu ita kaɗai ce ta shigo babu mai tambayar takardunta, domin ta cikin waya ta biyo, a hotunan Instagram da bidiyon TikTok. An rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Tireloli sun yi layi, albasa ta ruɓe, amma hoton kicin mai gilashi bai yi ko kwana ɗaya a shingen bincike ba.

Yadda ake gina ta

Ginin yana farawa ne ranar da aka miƙa wa birkila waya aka ce ya duba. Birkilan bai taɓa ganin irinta ido da ido ba, sai dai a sana'arsa babu kalmar ban iya ba. Yakan ƙura wa hoton ido, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, wanga ai ƙaramin aiki na." Daga nan a sayo siminti na Kalambaina, a aika Sakkwato a yanko gilashi, a naɗe shi cikin tsohuwar katifa, ya yi tafiyar sama da kilomita 80 ta Kware da Gwadabawa, wani yaro na rungume da shi a bayan mota yana addu'a a kowane rami.

A nan akwai batun da hoton waya ba ya faɗa. Gilashin da ya dace da bayan wuta shi ne wanda aka gasa a masana'anta ya yi tauri, kuma irinsa ba ya yankuwa bayan an gasa shi, sai an aika da awo tun farko. Wanda ake yankawa a shago nan take gilashin taga ne na yau da kullum. In gefe ɗaya ya ɗauki zafin tukunya, ɗaya gefen yana shan sanyin asubar hunturu, sai ya tsage daga kusurwa. Masu gida kan danganta wannan tsagewa da bakin mutane, a nemo turare da addu'a, a liƙa salatif.

Bayan gilashi sai mai walda ya zo ya kafa ƙarafa saboda ɓarayi. Bayan ƙarafa sai raga saboda sauro da ƙudaje. Bayan raga sai labule saboda maƙwabta. Abin da aka zana a matsayin fili ɗaya mai santsi da tsumma zai share a shafa guda ya zama hawa huɗu, kowanne da irin maiƙon da yake riƙewa. Lambun da za a kalla kuwa, a mafi yawan filaye katangar maƙwabci ce da ke nesa da taku biyu, ko tankin ruwa, ko janareta, ko wata tunkiya da ke tuƙa tana kallon mai girki ba ta ƙiftawa.

Tagar da yanayin shekara

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin yankin yakan haura digiri 40. Idan tagar ta fuskanci yamma, daga azahar zuwa la'asar rana tana shigowa kai tsaye kan kanta. Man shanu ya narke a kwalbarsa, robar gishiri ta lanƙwashe, mai girki ta rasa ko wutar gabanta ce ke gasa ta ko ta sama.

A hunturu iskar arewa maso gabas tana kawo ƙura mai laushi wadda ba ta neman izinin raga. Ƙurar takan tarar da maiƙon jiya a jikin gilashi, su haɗu su zama wani yaɓe ja-ja da ba ya jin tsumma busasshe. Wannan ne lokacin da yaran gida ke koyon rubutu, domin da yatsa ɗaya ana iya rubuta cikakken suna har da na unguwa, rubutun kuma ya kai Sallah.

A damina hadari yakan taso daga gabas da guguwa a gabansa. In an buɗe taga don hayaƙi ya fita, iska ta kashe wutar gas, ta watsa yashi a miya. In an rufe, tururi ya lulluɓe gilashin, ruwa ya riƙa gangarowa ta inda mai almeniyam ya yi tsimin gam.

Ire-iren fantsama

Masu gogewa sun kasa abin da ke sauka a gilashin gida-gida. Akwai ɗigon man gyaɗa na suyar ƙosai da awara, ƙanana ne masu yawa, ba a ganinsu sai rana ta haska. Akwai na manja, wanda ke barin tabo ruwan lemo ya kuma shige cikin ragar ya zauna. Akwai na talge, lokacin da tukunyar tuwo ke tafasa tana tofi, wanda in ya bushe sai an sa farce ko bakin cokali. Akwai na miyar kuka da ta kuɓewa, masu sauka da jela. Na ƙarshe shi ne farin tabon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari in ya bushe, wato tabon da wankewar kanta ke haifarwa. Tayil mai zane yakan ɓoye rabin waɗannan. Gilashi ba ya rufa wa kowa asiri, duk baƙuwar da ta leƙo tana iya karanta abincin mako a jikinsa.

Gilashi mai duhu

Don maganin idon waje, da yawa sukan zaɓi gilashi mai duhu mai sheƙi. Ƙa'idarsa ita ce ɓangaren da ya fi haske shi ke ganin kansa, ɓangaren da ya fi duhu shi ke ganin ɗayan. Da rana, na waje madubi yake gani. Saboda haka tagar da ta fuskanci lungu takan tara masu gyara hula, da 'yan mata masu duba kwalli, da mai babur da ke sakace haƙori a nutse, bai san akwai mutum uku a ciki suna kallonsa ba. Ragon layya ma in ya ga wani rago a ciki yana harararsa, yakan ja da baya ya ɗauki mataki.

Da dare lissafin yana juyawa. Da zarar an kunna fitila a ciki, kicin ya zama kamar talabijin ga duk wanda ke lungu, ita kuwa mai girki fuskarta kawai take gani, tana zaton a ɓoye take. Ta haka unguwa ke sanin wanda ke shiga kicin bayan an yi barci, da yawan tsokar da ke fita daga tukunya kafin a kai wa mai gida.

Asirin tukunya

Babbar matsalar tagar ba ta gini ba ce. A al'adar Hausa tukunya tana da sirri. Gidan da ya kwana da kanzo da gidan da ya kwana da kaza, da safe duka "lafiya lau" suke amsawa, wannan shi ne rufin asiri. A da maƙwabciya sai dai ta bi ƙamshi ta yi hasashe, ko ta aiko yaro ɗibar wuta ya leƙa ya kai rahoto. Yanzu an ɗauke mata wannan wahala. Tambayar "mi anka dahwa?" ta zama gaisuwa kawai, domin mai tambayar ta riga ta ga amsa. Ranar da aka soya nama, yaran maƙwabta sukan tuna da zumunci gab da saukewa. Ranar da aka yi kwaɗon zogale babu mai, labule ba ya ɗaguwa, unguwa kuma ta fahimci abin da rufewar ke nufi.

Ta ɗaya fuskar, tagar da ke kallon tsakar gida ta zama wurin tsaro. Daga gaban sinki ana ganin wanda ya shigo zaure, da ledar da ke hannunsa, da ɗakin da ledar ta shiga. A gidan da ke da mata biyu, wadda ba ranar girkinta ba ce takan sami kofi ɗaya da ke buƙatar wanki na tsawon rabin sa'a, daidai lokacin da mai gida ke dawowa daga kasuwa.

Tsarin kicin biyu

Sakamakon duk wannan shi ne yawancin gidajen da ke da tagar suna da wurin girki biyu. Na farko shi ne kicin na ciki, mai gilashi da kabad da jerin tukwanen da iyayen amarya suka ci bashi suka saya, wasu ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Nan ake kai 'yan ganin ɗaki da dangin ango, nan ake ɗaukar hoto, nan ake dafa ruwan shayi da Indomie. Famfon sinkin sau da yawa ado ne, ruwan na cikin jarkar da mai kura ya kawo. Na biyu shi ne murhun tsakar gida, inda ake dafa abin da mutane ke ci. Dalilin a fili yake. Tuwon gidan mutum ashirin yana son tukunya a ƙasa, da kujera 'yar tsugune, da muciya a hannu biyu, da ƙarfin da in aka yi shi a kan kanta sai tukunya da gas ɗin sun bi ta taga. Ga kuma tsadar gas, wadda ke sa a riƙa jijjiga tukunyarsa ana saurare kafin a kunna. A irin wannan tsari gilashin yakan zauna fes, kuma ana nuna shi a matsayin shaidar cewa salon yana aiki.

Matakan rufewa

A gidajen da aka dage sai an yi girki a gabanta, tagar tana bin matakai sanannu. Da farko ana goge ta kullum. Sannan duk Juma'a. Sannan in za a yi baƙi. Daga nan a liƙa tsohuwar jarida daidai bayan tukunya, jarida ta koma kwali, kwali ya koma kalandar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe, wanda zai ci gaba da murmushi cikin manja har kakar zaɓe ta gaba. Mataki na ƙarshe shi ne a kira birkilan nan ya cire gilashi, ya jera bulo, ya liƙa tayil. Yakan karɓi kuɗin aiki karo na biyu, ya kuma tuna wa Alhaji cewa da ma shi tun farko ya ga abin ba zai yi ba.

Sharuɗɗan amfani

Tagar tana iya aiki in an kiyaye wasu abubuwa. Wurinta bayan sinki ne, nesa da wuta. In dole sai bayan murhu, to gilashin ya zama gasasshe na masana'anta, kafaffe wanda ba ya buɗewa, a yi wa hayaƙi wata kafar dabam a sama. Kada ta fuskanci yamma, gara arewa, wajen Ƙonni, kuma ta kalli cikin gida maimakon lungu. Labule da wutar gas ba sa zama wuri ɗaya, wannan batun gobara ne. Maiƙo yana fita da ruwan ɗumi da sabulu tun yana sabo, farin tabon ruwa kuma da lemon tsami. Sharaɗi na ƙarshe shi ne a san wanda zai riƙa gogewa tun kafin a fasa bango, domin bisa al'ada wanda ya ga hoton a waya ya ce a yi, da wanda ya biya kuɗin, da wanda ya gina, babu ɗayansu da ke riƙe tsumma.