Masu Makokin Lilo

Mutanen Kalambaina ba baƙin sauyin suna ba ne. Kamfanin simintin da ya sa aka san garin an kafa shi a 1962, ya soma aiki a 1967, ya shafe fiye da shekara hamsin yana amsa CCNN a takarda, buhunsa na ɗauke da Sokoto Cement. Daga baya BUA ta Abdussamad Isyaka Rabi'u ta karɓi ragama, aka kafa sababbin injuna, Osinbajo ya zo ya buɗe kashi ɗaya a 2018, Buhari ya buɗe wani a Janairun 2022. Tsakanin zuwan mutanen biyu, a farkon 2020, tsohon sunan ya narke cikin BUA Cement. An yi 'yan gunaguni, aka wuce. Siminti hanyar abinci ce, kuma matuƙar tireloli na lodi, albashi na shiga, ba a zaman makokin allo.

Wurin wasa ne ke tono halin mutane. A ce an sauya wa filin da ake kai yara yawon Sallah suna, ko an tsige wani tsohon lilo za a kafa sabo, nan da nan za ka ga dattijo mai furfura yana kumfar baki. An gani a Abuja da Wonderland, wanda ke kusa da ƙofar shiga birni, ya koma Magicland. An gani a Kano lokacin da gwamnatin Ganduje ta ce za ta kwashe Gidan Zoo na Audu Bako ta mayar Tiga. Labaran na nesa ne, amma waya ta kawo su har teburin mai shayi, kuma duk majalisar da ka zauna tsakanin Arkilla da Wamakko, jama'ar nan suna ciki, kowa da bencinsa.

Mafi sauƙin kai a cikinsu shi ne mai riƙon tsohon suna. Shi ba ya faɗa da kowa, ba ya sa hannu a takardar koke. Bai dai ji ba ne, kuma ba shi da niyyar ji. Tun 2005 aka shafe NEPA, aka yi PHCN, ita ma aka yanka ta aka rabar, amma har daren jiya “Nepa” ce ta ɗauke masa wuta. Twitter ta koma X a 2023, shi yana nan yana Tuwita. Ka gyara masa ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Yaro, wanga wuri tun ba a haihe ka ba nika zuwa nai.” Kada ka ja da shi, domin kullum shi ke cin nasara, kuma dalili ɗaya ne: mai kabu-kabu nasa ne. Faɗa wa mai kabu-kabu sabon sunan da aka kashe miliyoyi wajen zanawa, ya tsaya yana kallonka. Faɗi tsohon, ya ce hau.

Na kusa da shi a benci, wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi ne babban mai makoki. A kansa zan daɗe, don shi ne shugaban tafiyar. Da jin labari ya buɗe Facebook ya rubuta shafi guda: an kashe tarihi, an rusa gadon kakanni, ’ya’yanmu sun zama marayu. Kai ka ce kullum da la'asar can yake. Bincika ka ji. Rabonsa da sayen tikitin wurin tun Murtala ɗaya na isar mutum kuɗin mota da abinci har da canji. Yaransa sun roƙe shi Sallah bayan Sallah ya kai su, yana cewa wurin ’yan iska ne, kuɗin shiga kuma ɓarna ce. Lilon da yake wa kuka ya yi shekaru da tsinkewar sarƙa, awaki ne ke kwana a ƙarƙashinsa.

Tunaninsa kuma yakan ƙara gishiri. Majaujawar da ya hau yana ɗan shekara bakwai ta kusa taɓa gajimare. Jirgin ƙasan yara ya fi na Ƙauran Namoda tsawo. Idan hira ta gangara Gidan Zoo na Kano, sai ya tuna da goggon biri. An dai san abin da ya faru a 2019: aka wayi gari ana cewa goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 na kuɗin shigar da aka tara lokacin Sallah, duniya ta ɗauka, har gwamna ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya. Wannan bai hana mutuminmu rantsewa cewa ya gan shi da idonsa, ya miƙa masa ayaba, har sun haɗa ido ba.

Ba na yi masa dariyar mugunta. Abin da yake wa kuka ba a sayo shi daga Chana ba. Yana tuna ranar da mahaifinsa ya ɗora shi a wuya, da sabuwar shaddar da ta ƙi lanƙwasuwa don sitati, da gwiwoyin da ba su san ciwo ba. Sai dai mai wurin ba zai zuba wannan a janareta ba, dizal yake nema. Da a ce kowane mai makoki ya riƙa kai yaransa ko da sau ɗaya a shekara, da wataƙila ba a kai ga tsige komai ba.

Kada kuma a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Danginsa na Amurka sun fi shi nisa. Kamfanin Disney na da wani wasa mai suna Splash Mountain, inda ake zuba mutane cikin kwalekwale mai siffar gungume, a zaga da su, sannan a sako su daga tudu mai kimanin ƙafa 50 su faɗa ruwa suna ihu. An gina labarinsa a kan wani fim na 1946, Song of the South, wanda aka daɗe ana suka saboda ya nuna rayuwar baƙar fata a gonakin Turawan kudancin Amurka tamkar zaman daɗi. A 2020 kamfanin ya ce zai sauya shi. Aka yi ta koke-koke. Ranar rufe na Fulorida, a Janairun 2023, manya da gemunsu suka yi sa'o'i a layi don hawan bankwana. Wasu suka ɗebo ruwan tafkin a kwalabe suka kai eBay, suka sa masa daloli masu kauri. A 2024 aka sake buɗe wurin da sunan Tiana's Bayou Adventure. Tudun na nan, kwalekwalen na nan, ana jiƙewa yadda aka saba. Ɗan ga-ruwan Sakkwato da ke tura jarka goma cikin rana ya ji wannan labari, sai dai ya yi salati.

Ni wanda ya ɗebo ruwan ya fi burge ni, kuma muna da irinsa. Shi ne ɗan kasuwar bakin ƙofa: mai ƙanƙara, mai zoɓo, mai balan-balan, mai tsire, mai hoto da waya ta riga ta karya wa jari. Da safe yana taya masu makoki jimami, don suna shan shayi yayin jimamin. Da yamma yana taya masu murna. Tambayarsa ɗaya ce, ba ta kuma shafi suna ba: “Ƙofar tana nan inda take?” In an bar ƙofa, a raɗa wa wurin sunan da aka ga dama. In an mayar da ita ɗaya gefen, inda wani ya riga shi kafa tebur, to a ranar ne za ka ga makoki na gaskiya, wanda ba a rubutawa a Facebook.

Can ƙarshen benci, inda haske bai kai ba, akwai mai lauje cikin naɗi. Ba ya magana sai kowa ya gaji. Sai ya rage murya, ya waiga hagu da dama, ya ce, “Ku dai ba ku san komi ba. Filin anka saida. Shaguna za a yi. Na ga takardar.” Ba a taɓa ganin takardar ba. Kullum wani ɗan'uwan matarsa ne da ke ma'aikatar filaye ya nuna masa a waya, wayar kuma ta faɗa ruwa. A wurinsa ko fenti aka sabunta akwai wata a ƙasa. Abin haushin shi ne ba a iya yi masa dariya har ƙarshe, don yakan dace. Wanda ya ga yadda shaguna suka kewaye Filin Idi na Ƙofar Mata a Kano, da abin da aka gina a filin otal ɗin Daula, da yadda katafila ta bi ta kansu a Yunin 2023, ya san fili a tsakiyar birni ba ya kwana lafiya. Sau tara zai yi ƙarya, na goma ya faɗa daidai, kuma da na goman nan zai ci shekara biyar yana shan shayi kyauta.

Sojan baka kuwa ba ya yanke hukunci sai ya ji wa ya yi. Ka ce masa an sauya suna, ya ce, “Wace gwamnati?” In tasu ce, ci gaba ne, zamani ya zo, masu kuka ’yan baƙin ciki ne. In ta abokan hamayya ce, cin amanar tarihi ne. Kanawa sun ba shi filin atisaye mai kyau: Kwankwaso ya kafa jami'ar Northwest a 2012, Ganduje ya mayar da ita Yusuf Maitama Sule a 2017, gwamnatin Abba ta dawo da tsohon sunan a 2024. Akwai mutumin da ya yi tafi sau biyu ya yi tsaki sau ɗaya, akwai wanda ya yi akasin haka, kuma cikinsu babu mai ɗa a makarantar. A nan gida, kafin ka gaya masa launin da aka shafa wa dokin ƙarfen yara, fara sanin ko ɗan gidan Alu ne ko na Tambuwal.

Alhajin da ya taɓa yada zango a Dubai ba ya ɗaukar lokaci. Tsohon wurin shirme ne, sabon ma shirme ne. Awa shida ya yi a filin jirgi, amma ya ga komai.

Ustazun unguwa ya fi shi ban sha'awa. Shekara da shekaru, duk jajibirin Sallah sai ya ja kunnen iyaye a kan wurin: cakuɗar maza da mata, kiɗa, sallar la'asar da ke wucewa ana layi. Ka ɗauka in an rufe zai yi hamdala. Ina! Da ya ga hoton sabon, da fitilu masu walƙiya da lasifika kamar na kamfen, sai ga shi yana cewa, “Ai na da ɗin ma da dama-dama. Aƙalla akwai kunya.” Tsohon abokin faɗa ma sabo ne, kuma sabo turken wawa.

Duk wannan mazan ne ke yi. Wadda za ta biya kuɗin tana cikin gida, ba a tambaye ta ba. Inna ba ta damu da abin da aka rubuta a allo ba, don ta daɗe da gano cewa sabon fenti na zuwa da sabon farashi. Ita lissafi take yi: nata huɗu, na abokiyar zama uku, na maƙwabta biyu da za su maƙale, ga almajirin gida da ba za a bari ba. Sai ta tambayi abin da duk majalisar ba ta tuna ba. Kuɗin ƙofa ya haɗa da hawa, ko kowane lilo da nasa? An ɗaure kusoshin da kyau? Akwai inuwa? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, inda ƙarfen zamiya ke iya toya ƙwai kafin azahar. Da ni ke da filin wasa, da mata uku irinta zan tara kafin in kira mai zanen allo. Yaron da aka gina wurin dominsa kuma, shi ko sunan bai iya karantawa ba. Abin ya juya da sauri, ya ji cikinsa ya yi sama, shi ke nan.

Saura mai rantsuwa. Shi ne ke miƙewa tsaye, ya buga tebur har kofuna su yi ƙara, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba har abada, shi da zuriyarsa. Yakan kafa hujja da Legas, inda Jonathan ya sanar a Mayun 2012 cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola, ɗalibai suka tare hanyoyi, aka tafi kotu, sunan bai zauna ba. Gaskiya ne. Sai dai waɗancan sun fito cikin rana, shi kuwa daga benci yake nasa yaƙin.

Ranar buɗe sabon wuri, je ka da wuri ka duba layi. Ga shi can na uku, ya ja hula har gira, yara biyar na riƙe da babbar rigarsa, yana ɗaga waya yana neman inda sabon allon zai fito sosai a bayansa. Ka yi masa sallama.

“A'a, Alhaji! Ba kai ka rantse ba?”

“Yo ai zuwa na yi in gane ma idona irin ɓarnar da sunka yi. Kai, riƙe min wayag ga, ka ɗauke ni daga nan. Ka tabbata sunan ya hito.”