Miloniyoyin Gwangwani a Ƙofar Galadima

Ƙofar Galadima da ke Zariya ta yi sababbin attajirai, kuma babu wanda ya ga lokacin da suka yi kuɗin. Ba su da shago a Sabon Gari, ba su da gidan haya a Samaru, ko kansila ba su taɓa yi ba. Dukiyar tasu tana cikin gwangwanin madara, an toshe bakinsa da tsumma, an cusa shi ƙarƙashin katifa. Gane su ba wuya. Mai shayi yana bin mutum bashi tun kafin azumi, amma a majalisa hirarsa ba ta wuce kuɗin kujerar Makka da farashin fili a Abuja. In mai bashi ya matsa, sai ya gyara hula ya ce, "Kai dai ƙara haƙuri, kaya ne a hannu, mai saye muke jira."

Kayan nan kuwa tsofaffin kuɗi ne na gado: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule da dala. Labarin kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Tsohuwa ta cika, an yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, sai a buɗe adudunta. A tarar da zanen saƙi, da carbin da ya tsinke, da guntun turaren wuta, can ƙasa kuma ga gwangwani mai nauyi. Shekara da shekaru kowa ya san da kuɗin nan, babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. Yara sun yi wasa da su a zaure. Kafinta ya zura ƙusa a hujin anini ya buga kwanon rufi. An ɗaura wa jarirai kwabo a cibiya wai don kada ta yi tsini. Darajarsu ba ta tashi ba sai ranar da jika mai babbar waya ya ɗauki hoton guda ɗaya ya tambayi intanet.

A wani gida da ba zan kama suna ba, don sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, jikan ya shigo da gudu har yana tuntuɓe da buta.

"Kawu, ka san abin da ke hannunmu kuwa? Wannan kwabon na Sarki Edward na Takwas ne. An sayar da irinsa fam miliyan ɗaya a Ingila."

"Fam ko naira?"

"Fam, Kawu."

Kawu ya yi salati, ya sa aka rufe ƙofar zaure, ya ce kada wanda ya gaya wa mata. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Babban Dodo.

Yaron bai yi ƙarya ba, rabin labari ya karanta. Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, saboda ya nace sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka, fada kuma ta ce ba ta san zance ba. (Mu nan da sai a ɗaura auren a ci gaba da sarauta, amma kowane gida da al'adarsa.) Ya sauka kafin a fitar da kuɗi mai hoton kansa a Ingila, sai 'yan ƙalilan da aka buga na gwaji. Ɗaya daga cikinsu, na zinariya, shi aka sayar fam miliyan ɗaya a Janairun 2020. Namu kuwa babu hoton kowa a jikinsa, huji ne a tsakiya da suna a gefe, don haka ba a jira mai zane ba. Aka buga anini da ɗari da kwabo da sunansa miliyoyi a kan miliyoyi, aka loda a jirgin ruwa aka raba wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, waɗanda a lokacin kuɗinsu ɗaya ne. Mai son irin wannan kwabo a Landan, da 'yan fam kaɗan zai same shi, har a ba shi zaɓi. Kallon kitse ake yi wa rogo, amma je ka faɗa wa Kawu haka ka ga ko za ka sake shan furar gidan.

Abin da muka kasa haɗiyewa shi ne tsufa daban, ƙaranci daban. Masu tara tsofaffin kuɗi abin da ya yi wuyar samu suke biya wa, kuma anini bai taɓa wuyar samu a Zazzau ba. Tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, da ƙarfen nan ake biyan lebura, da shi ake sayen auduga, shi kuma ake mayarwa haraji. Duk gidan da ya taɓa kai auduga sikeli yana da irinsa. To abin da ke kowane adudu daga Kwarbai zuwa Tudun Wada, wane Bature ne zai hau jirgi dominsa?

Da maganar Edward ta fara sanyi, sai aka koma kan tauraron da ke bayan anini da rubutun Larabcin da ke zagaye da hujin. Wani ya ce hatimin Annabi Sulaiman ne, wani ya ce laya ce Turawa suka sace suka buga a ƙarfe. Aka kai wa malamin unguwa da goro. Malam ya sa tabarau, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya karanta, ya miƙa musu abinsu. "Cewa aka yi ɗaya bisa goma na kwabo." Aka tambaye shi ko akwai wani sirri a ciki. Ya ce sirrin shi ne in ka tara goma ka sami kwabo. Turawa sun sa Larabcin ne don sun san da shi mutanen Arewa suke karatu. Anini na farko ma, na 1907, da alminiyam aka yi shi, ya riƙa zagwanyewa, shekara ta zagayo aka sauya ƙarfe. Wanda ya tsira garau daga cikin waɗannan na farkon, shi kam masu tarawa suna waiwayarsa, amma yaushe anini zai tsira garau a gidan da ke da jikoki?

Sai babbar magana, liyari. Ƙatuwar azurfa ce mai hoton wata mace mai ƙiba, an rubuta 1780 a bayanta. Fatake ne suka riƙa shigo da ita ta hamada, mata suka yi ado da ita, maƙera suka narka ta suka yi zobe da mundaye. Kawu ya yi lissafi da yatsu, ya gano ta girmi jihadin Shehu Usmanu na 1804 da shekara 24, ya ce wannan ko gwamnati ba ta isa ta saya ba. Matar nan Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. 'Yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu sun saba da kuɗin, ba sa karɓa in an sauya ko ɗigo, saboda haka duk wanda aka buga bayan rasuwarta sai a maimaita masa 1780. An buga a Biyana, an buga a Landan da Rum da Faris da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, har yau kuma ba a daina ba. Shekarunta sun tsaya cak kamar na ma'aikacin gwamnatin da ya hango ritaya ya je kotu ya yi rantsuwa. Ta cikin gwangwaninka tana iya zama sa'ar kakan kakanka, tana kuma iya zama ƙanwar babanka.

Duk da haka liyari ba ta tashi a banza ba. Nauyinta giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa ce tsantsa. Haka sule da dala masu bishiyar kwakwa da kan Sarki Joji na Biyar, waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce mai kyau. Daga 1920 azurfa ta yi tsada, Turawa suka koma tagulla, suka bar mu da suna. Wanda ke da hankali zai zube gwangwaninsa a tabarma, ya ware farare masu waɗannan shekaru gefe, ya duba shekarar kowane ɗaya, ya nemi ɗan ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi, H ko KN, duka a Birmingham, in babu harafi galibi na ma'aikatar gwamnati ne a Landan. Wata shekarar da wani harafin sun fi wasu ƙaranci, kuma akwai kundaye da aka jera su duka da yawan da aka buga. Wannan aiki ne na zama da tabarau da haƙuri. Mu kuwa ba mu da lokacinsa, muna sauri mu yi arziki.

Saurin ne ya sa Gwaggo ta shiga maganar. Ta ga kuɗin sun yi baƙi, ta ce wa zai sayi abu da datti haka, ai abin kunya ne a kai wa baƙo. Ta jiƙa tsamiya, ta kawo toka da soson ƙarfe, ta zauna bakin rariya tun hantsi. Kafin azahar kowane kwabo yana ɗaukar ido, rawanin sarki ya shafe, shekarar ma sai an karkata ta wajen rana. Abin da masu saye suke nema ke nan ta bi da shi rariya, don su wannan baƙin da shekaru suka sa shi ne shaidar ba a taɓa shi ba, kuma gogaggen kuɗi rabin daraja ma ba ya yi a wurinsu. Ta kawo su a faranti tana jiran a sa mata albarka, aka kuwa sa mata.

Daga nan sai dillalai, waɗanda ban san wanda ke sanar da su ba. Dillalin tsohon kuɗi bai taɓa zama mai saye ba. Shi dai ya san wani Alhaji a Kano, Alhajin ya san wani mutumin Kwatano, mutumin Kwatano ne ke da lambar Baturen. Baturen nan kullum jiya ya tashi, amma zai dawo wata mai kamawa. Kafin ya dawo ana bukatar kuɗin mota, da kuɗin gwaji, da ɗan abin da za a sa wa na'ura. Wai a cikin kwabo mai huji akwai wani jan sinadari da ake haɗa makamai da shi, ko a kira aljanu, ya danganta da wanda ake yi wa bayani. Wannan tatsuniya ba a Zariya aka haife ta ba. A 2009 ma ta yi tashe a Saudiyya, inda aka ce sinadarin yana cikin tsohon keken ɗinki Singer, mutane suka yi ta sayen kekuna da tsadar hauka, suna kara waya kusa da allura, in layi ya yanke wai an dace. An yi wannan gwajin a zauren Kawu, layi ya yanke, aka yi kabbara. Ni dai na san a lungun nan layi yana yankewa ko babu kwabo.

Ranar da na fi tausaya wa gwangwanin ita ce ranar da dangi suka ji. Waɗanda tsohuwa ta yi jinya ba su leƙo ba, sai ga su da ledar lemo. Ƙanwar Kawu ta bugo daga Kaduna: "Yaya, na ji an ce an ga wasu kaya a ɗakin Inna. Ban ce komai ba fa, amma ka san hakki." Gaskiyarta kuwa, domin abin da mamaci ya bari na magada ne duka, ko allura ce, ba na wanda ya riga buɗe adudu ba. Aka kira mai rabon gado. Ya ce a faɗa masa kimar dukiya tukuna. Kawu ya ce miliyoyi. Ya ce wa ya taya? Aka yi shiru. Sai ya yi musu lissafin da: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Wato sai ka tara anini 2,400 ka haɗa fam guda, fam ɗin nan kuma da aka sauya kuɗi ran 1 ga Janairu 1973 naira biyu aka ba da a madadinsa. Aka ƙirga na gwangwani, ba su kai rabin haka ba. Ya ce in sun yarda zai raba musu a haka, namiji biyu mace ɗaya, kowa ya kawo tafin hannunsa. Babu wanda ya miƙa hannu, kowa yana tsoron kada mai miliyan ɗin ya faɗa rabon wani.

Abin dariyar, mutanen nan da ke rigima kan kwabon 1936 su ne in ka ba su sulallan da Babban Banki ya fitar a 2007, na kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu, za su watso maka su ce ka raina musu wayo. Ko almajiri ba ya karɓa. Wanda ke son jikokinsa su yi irin wannan arziki sai ya fara cika musu gwangwani tun yanzu, ba mai hana shi.

A ƙarshe jikan ne ya lallaɓa Kawu suka ɗauki farare suka kai wa wani maƙerin azurfa a kasuwar birni. Mutumin bai tambayi tarihi ba. Ya jefa liyari a kan dakali ya saurari ƙararta, ya ɗora a ma'auni, ya ware sule uku ya ce waɗannan tagulla ce, ɗaya ma jabu ne tun na zamanin Turawa. Ya danna lissafi a waya ya faɗi kuɗi. Kuɗin ba na Makka ba ne, amma za su sallami mai shayi, su yi cefanen kwanaki, har a yi wa tsohuwa sadaka. Kawu ya dube shi, ya dubi ma'aunin, ya tattara kayansa ya zuba a aljihu.

A hanya yaron ya ce, "Kawu, ai da mun karɓa."

"Kai yaro ne. Ka ga yadda ya yi saurin tayawa? In ba su da wani sirri, me zai sa ya so saye? Gobe ka kira mini mutumin nan na Kwatano. Kuma ka duba mini ɗakin Inna da kyau, kamar ta taɓa yin keken ɗinki."