Kariyar da Ba Ta Kare Ni Ba

Kular miya ce ta ja min. A Babbar Sallar bara waccan mun kama hanyar gida mu bakwai a cikin Corolla 'yar 2005: ni da uwargida a gaba, yara huɗu da ƙanwarta a baya. But kuwa an danna masa kaya har sai da na hau kansa na zauna kafin ya yarda ya rufu. Abin da bai samu wuri ba ya hau cinya, kular miyar taushe ta faɗo a rabon babban ɗana. Mun wuce Mariri lafiya, mun haye gadar Wudil lafiya, sai wani ɗan akuya ya tuna yana da uzuri a tsallaken titi. Na taka birki. Miyar ta ratso ta tsakanin kujeru ta same ni a ƙeya, ta gangara cikin wuyan sabuwar shaddata. Haka na shiga garinmu ina ƙamshin kabewa da daddawa, karnuka suna min rakiya.

A ranar na rantse an daina ɗaukar kaya a cinya. Kariya zan sa wa motar.

Duk wanda ya tashi a zamanin Fijo 504 ya san martabar kariya. Tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma doguwar nan ta haya ba ta cika mota ba sai da ƙarfe a kanta: katifa, keke, akurkin kaji, wani lokacin har da rago a ɗaure yana kallon gari daga sama kamar hakimi. Wannan hoton nake ɗauke da shi a kaina na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne 504 tana da wani ɗan indararo da ya bi gefen rufinta, a cikinsa ƙafafun kariya suke zama daram. Motocin yanzu an shafe musu shi. Rufin tawa sumul yake kamar kan jariri.

Wani yaron shago ne ya fara karanta min wannan darasi, ko gemu bai fara ba. "Alhaji, wace irin mota ce? Tana da ƙarafan nan biyu a kwance a sama, irin na Sharon da Siyana? Ko tana da 'yan murafai a rufin, waɗanda in ka buɗe za ka ga ramin noti? In duk babu, sai mai ƙugiya, wadda take kama bakin ƙofa." Na gyara tsayuwa na ce masa ai duk na san wannan. Ban sani ba. Amma shekara 14 ina koyar da Fiziks a sakandare, ba zan tsaya yaro ya yi min bayanin ƙarfe a gaban mutane ba.

Ya fito min da wata ta gwanjo, Thule, ƙirar Suwidin, ta alminiyam, mara nauyi, har da ɗan makulli. Ya ce sai dai kowace mota da irin ƙafar da aka yi mata, ta Corolla sai an nemo. Da ya faɗi kuɗin sai na ji kamar ya zage ni. Na fita na leƙa wurin wani mai walda. Shi ko auna motar bai yi ba, ya dube ta da ido ɗaya ya ce: "Yallaɓai, abu mai sauƙi. Huda huɗu za mu yi a rufin, mu zura noti, mu shafa gam. Ko saniya ka ɗora." Na tambaye shi damina fa. Ya ce ai gam ɗin mai kyau ne. Na yi masa sallama.

A ƙarshe na koma shagon na sayi wata sabuwa fil a kwali, sanduna biyu masu kusurwa huɗu da kwandon ƙarfe, naira dubu 38. Mai shagon ya ce tana hawa kowace mota. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa: hawa dai tana yi, zama ne bai yi min alkawari ba. Yaron ya ce in kawo dubu 2 ya ɗaura min a nan take. Na yi dariya irin ta manya na ce a bar shi kawai.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na zazzage kwalin. Takardar bayani ta faɗo, na ture ta gefe da ƙafa. Wasu baƙaƙen robobi guda huɗu ma suka faɗo, na ɗauka irin abin da ake cusawa ne don kar kaya su goge juna, na miƙa wa yara suka tafi wasa da su. Kafin na ɗaura ƙafa ta farko majalisar unguwa ta taso ta kewaye ni. A unguwarmu ba ka taɓa riƙe sifana kai kaɗai. Mai shayi ya ce a matso da ita gaba. Tela ya ce baya. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tun da na san shi ban ga ya tuƙa ko amalanke ba, ya ce duk abin da ake ɗaurawa da alanki ba shi da amana. Alankin ma babu shi a kwalin, sai da aka aro wurin mai gyaran keke.

Uwargida ta leƙo daga zaure. "Malam, ba ka duba takardar ba?"

"Takarda ta waɗanda ba su san aikin ba ce," na ce mata, majalisa ta yi min kabbara.

Na auna tazarar sandunan da taƙin hannu. Na ɗora doguwar sandar a baya, gajeriyar a gaba, alhali rufin mota ya fi faɗi ta gaba. Da ƙugiyar ta ƙi kaiwa bakin ƙofa sai na janyo ta da ƙarfi, na danne robar ƙofar da ita. Sannan na shiga murɗa noti. A fahimtata ta lokacin, noti ba ya ƙoshi. Ina murɗawa ina murɗawa sai na ji "ƙwas!" Rufin ya lotsa a ƙarƙashin ƙafar dama. Majalisa ta yi tsit. Don kar a ce kuskure ne, na bi sauran ukun na murɗe su har su ma suka yi ƙwas, aka samu daidaito.

Da daddare, bayan kowa ya kwanta, na ɗauko takardar na haska ta da fitilar waya. Hoto na farko: baƙaƙen robobin nan huɗu, a ƙarƙashin ƙafafun kariya, su ne suke hana ta zamewa da kankare fenti. Hoto na biyu: santimita 70 tsakanin sanduna. Hoto na uku: a sake ɗaure notuna bayan an ɗan yi tafiya. Can ƙasa kuma, da jan rubutu, kilo 50. Na san ma ba ita kaɗai ba ce. Yawancin ƙananan motoci kilo 50 zuwa 75 aka yarje wa rufinsu, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Da safe na tambayi yara robobin. Biyu sun zama tayoyin motar gwangwani, ɗaya ta faɗa kwata, ɗayar autanmu ya ce ya ba abokinsa aro. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban gaya wa kowa ba.

Sai kuka ya fara. Da zarar allura ta haura 60, wani irin fito yake tasowa daga sama, siriri, mai shiga haƙori. Ƙanwar uwargida ta fara karanta addu'o'i. Na kai wa bakanike, ya saurara, ya ce bel ne, aka canza bel. Fito ya ci gaba. Ranar tafiya Sallah, a Wudil, na tsaya sayen kifi sai wani dattijon direban haya ya zagaya motar yana murmushi.

"Ɗana, tana yi maka waƙa ko?"

"Wallahi Baba, kamar an saka aljani a rufin."

Ya ciro wata tsohuwar igiya daga motarsa, ya nannaɗe sandar gaba da ita a karkace, kamar yadda ake naɗe ƙotar fartanya, ya ƙulle. "Je ka." Fito ya ɗauke ɗif. Ina tuƙi ina jin kunya, don na san dalilin sarai: iska in ta bugi sanda takan karye a bayanta ta riƙa yin 'yan guguwa bi da bi, su ne suke kukan, irin wanda wayar lantarki take yi da hunturu. Igiyar tana dagula musu tsari. Na taɓa zana wannan a allo. Na kuma sha gaya wa ɗalibai cewa in ka ninka gudu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Allurar mai ce ta tuna min da shi a wannan tafiyar, ga shi tun Mayun 2023 da aka cire tallafi, mai ya daina zama abin wasa.

Amma duk wannan sharar fage ce. Ban gane abin da na ɗaura wa kaina ba sai da muka shiga gida. Gwaggo ta fito tarbarmu, ba ta ko kalli yaran ba, ta tsaya ta riƙe haɓa tana duban saman motar.

"Masha Allah! Ashe Allah ya buɗa, an yi wa motar bene."

A da, in za mu koma birni, akan ba mu tsaraba daidai abin da ido ya ga but zai ɗauka: ƙullin kuka, ɗan daddawa, kwano biyu na wake. Rashin wuri ne yake kare ni shekara da shekaru ban sani ba. Yanzu kuwa labarin bene ya zaga dangi kafin a sauko daga Idi. Ranar komawa na fito na tarar da kaya a jere a gindin darbejiya: buhun gero cikakke, wanda shi kaɗai ya ninka abin da jan rubutun nan ya yarda da shi, rabin buhun wake, jarkar man gyaɗa, turmi sabon sassaƙa, tabarmi uku, zabi huɗu a kwando, da katifar wani ɗan ƙanin Gwaggo da yake karatu a Kano.

Na shafa aljihun da takardar take. To amma wa zai dubi idon Gwaggo ya ce mata kilo 50? Da wane bakin? Matar da ta goya ni. Na ce Allah ya saka da alheri, samari suka hau lodi. Aka ɗaure komai da robar tsohon tib, wadda kowa ya san halinta: tana miƙewa, kuma kaya in sun samu mai miƙewa sai su yi ta neman hanya. Notunan kuwa tun ranar Asabar ɗin nan ban sake taɓa su ba.

Motar ta koma kwalekwale. A kowace kwana sai ta kwanta gefe ta yi tunani kafin ta dawo. Tirela in ta wuce mu, iskarta sai ta ture mu kamar an bangaje mutum a kasuwa. Nauyi ya koma sama. Wannan ma akwai shi a manhaja. Sallar ta faɗo a Yuni, sai ga hadari, ruwa ya sauko. Ta inda ƙugiya ta danne robar ƙofa ya samu hanya, ya riƙa ɗiga a kafaɗar uwargida, ɗis, ɗis. Ba ta ce komai ba. Ta buɗe jaka ta ciro kofin autanmu ta tara. Da ta yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Dab da shiga Wudil, ruwa ya rufe wani tudun rage gudu, ban gan shi ba sai da na zo kansa. Na taka birki. Motar ta tsaya. Benen bai tsaya ba. Na ji wani dogon ƙara a saman kaina, na ƙarfe yana kankare fenti, sai duhu ya rufe gilashin gaba: katifa ce ta sauko ta yi mana labule. Turmi ya biyo ta, ya daki gilashin, ya dira a kan bonet, ya gangara titi yana mirginawa wajen masu kifi. Buhun gero ya fashe. Kwandon zabi ya buɗe, kuma maimakon su gudu sai suka tsaya a tsakiyar titi suna cin geron Gwaggo hankali kwance.

Jama'a suka taru, ana sannu ana tattara gero da hannu. Wani saurayi ya sauko daga akori-kura, ya ɗauko turmin a kafaɗa ya kawo. Da ya dube ni sai ya ajiye shi ya rusuna.

"Malam! Ba ka gane ni ba? Ka koyar da mu a aji biyu."

Na ce na gane shi, Allah ya yi albarka. Ya dubi kariyar da ta zamo har goshin mota, ya dubi tabon ƙafafunta huɗu a rufin, ya yi ƙasa da murya don kar mutane su ji.

"Malam, wannan ba ita ce dokar Newton ta farko ba? Wadda ka ce duk abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya sai an tare shi? Har bulala biyu ka yi min a kanta."

Shi ya kwashe kayan a motarsa ya kai mana har ƙofar gida, ya ƙi karɓar ko sisi. Zabi uku muka samu. Na huɗun yana Wudil.

Gilashin gaba da fanal bita da fenti sun ci kuɗin Thule ɗin nan har da canji. Lotsawar rufin ba ta fita duka ba. In an yi ruwa, 'yan tafkuna huɗu ne suke taruwa a saman motar, tsuntsaye suna sauka su sha. Kariyar tana tsakar gida a kan bulo huɗu, uwargida tana shanya kuɓewa da tattasai a kanta, ta ce tun da muka yi aure ban taɓa sayo mata abu mai amfani irinsa ba. Shekaranjiya Gwaggo ta sa aka kira mata ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce gyaɗa ta yi kyau bana, kuma akwai wata 'yar ƙofar langa-langa da za a kai wa wani a Hotoro, in zan taho kar in manta da benen.